Tokarar Gefe a Yoga: Tambayoyi da Amsoshi Kan Daidaita Jiki

Tokarar gefe ita ce wadda mutum zai ɗora nauyinsa gaba ɗaya a kan hannu ɗaya da gefen ƙafa ɗaya, kwiɓinsa na kallon ƙasa, jikinsa a miƙe sambal kamar azarar da aka jingina. Masu zuwa gidajen motsa jiki suna ce mata filank na gefe. A ido ba ta da wuya. Sai ka hau, ka ji hannu ya ɗauki rawa, ƙugu na neman ƙasa, sannan za ka san akwai aiki. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke komawa: yadda ka jera gaɓoɓinka ya fi daɗewar da ka yi a sama muhimmanci.

Mene ne asalin sunanta, kuma daga ina ta fito?

A yoga, wato tsarin motsa jiki da numfashi da ya samo asali daga Indiya, ana ce mata Vasisthasana da harshen Sanskirit. Kalmar asana tana nufin zama ko tsayuwar jiki, shi kuwa Vasistha sunan wani masani ne na zamanin da, ɗaya daga cikin manyan masana bakwai da mabiya addinin Hindu ke girmamawa. A labaransu shi ne malamin Rama, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa.

Sunan tsoho ne, amma tsayuwar kanta ba ta kai shi tsufa ba. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya bayyana asana 15, kuma babu wannan a cikinsu. Ta yaɗu ne a ƙarni na 20 ta hannun almajiran Krishnamacharya, wani malamin yoga da ya koyar a birnin Maisur na Indiya a shekarun 1930. Daga cikin almajiran, Pattabhi Jois ya sa ta cikin jerin darussansa na waɗanda suka yi nisa, B.K.S. Iyengar na birnin Pune kuma ya nuna ta a littafinsa Light on Yoga na 1966. A can za ka gan shi ya ɗaga ƙafar sama ya kama babban yatsanta da hannu. Wannan ce cikakkiyar surar. Wadda yawancin mutane ke yi yau, ƙafa kan ƙafa, matakin farko ne.

Ta yaya ake shiga cikinta?

Ka fara da tokarar gaba, kamar mai shirin yin fires-of: tafuka biyu a ƙasa, ƙafafu a miƙe. Ka haɗe ƙafafun. Ka ɗan matso da hannun dama kusa da tsakiyar tabarma. Sai ka juya a hankali ka hau gefen waje na ƙafar dama, ka ɗora ta hagu a kanta. Hannun hagu ya fara zama a ƙugu. Kada ka yi saurin ɗaga shi sama. Sai ka ji ka tsaya daram tukuna.

Da ka gama, ka dawo tokarar gaba da hannu biyu, ka sauke gwiwoyi ka huta, sannan ka yi ɗaya ɓangaren.

Hannun ƙasa a ina zai zauna, daidai ƙarƙashin kafaɗa ko gaba kaɗan?

Malamai sun rabu biyu a nan, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu cewa daidai ƙarƙashin kafaɗa suna so ƙashi ya hau kan ƙashi kamar ginshiƙin soro, nauyi ya sauka kai tsaye. Masu cewa gaba kaɗan suna duba cewa jikin ai a karkace yake, ba a kwance ba, don haka in hannu ya ɗan wuce kafaɗa zuwa wajen kai, sai ya yi kusurwa mai kyau da gangar jiki, wuyan hannu kuma ba ya lanƙwashewa da yawa.

Ni na fi karkata ga na biyun, musamman ga mai farawa. Tazarar ba ta da yawa, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. Abin da ba a yarda da shi ba sam shi ne kafaɗa ta wuce wuyan hannu zuwa gaba, wato hannu ya koma wajen ciki. A nan ne wuyan hannu ke matsewa har ya fara zafi.

Wuyan hannuna yana ciwo duk lokacin da na yi. Me nake yi ba daidai ba?

Ɗan'uwa, dubi tafinka da kyau yayin da kake sama. Sau da yawa za ka ga gindin manuniya ya ɗago, ya bar ɗan rami tsakaninsa da tabarma wanda takarda za ta iya shiga, fatar gefen ƙaramin yatsa kuma ta yi fari saboda dannuwa. Ke nan nauyinka duka ya gangara gindin tafi da gefen waje. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne aka jera, kuma akwai wata siririyar hanya a cikinsa da jijiyar da ke kai saƙo ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya take bi. Ba a yi wurin don ya ɗauki rabin nauyin babban mutum shi kaɗai ba.

Gyaran shi ne ka baza yatsu, ba har su yi tsami ba, ka danna gindin manuniya da gindin babban yatsa, sannan ka ɗan kama tabarmar da kan yatsu kamar mai murza ƙullu. Nan take za ka ji tsokar damtse da ta sangalin hannu sun karɓi aikin. Yatsu su kalli gaban tabarma, nesa da ƙafafu.

Wurin da kake yi ma yana da hannu a ciki. Katifa ko kafet mai laushi suna sa gindin tafi ya nutse, lanƙwasar ta ƙaru. Tayil kuma in gumi ya taɓa shi santsi yake yi. Ƙasa mai tauri da siririyar tabarmar roba a kai ita ce daidai. In ka gyara duk wannan ciwon bai daina ba, sauko kan gwiwar hannu. In kuwa kana jin yatsu suna sagewa ko suna tsira kamar ana soka allura, bari gaba ɗaya ka ga likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa jiki.

Kullum ana cewa "tura ƙasa". Me ake nufi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, don a nan komai yake.

Gaɓar kafaɗa ba ta da zurfin rami kamar ta ƙugu. Kan ƙashin damtse yana zaune ne a wani ɗan faifai marar zurfi a jikin allon kafaɗa, tsokoki 4 da suka kewaye shi ne ke riƙe da shi. Shi kansa allon kafaɗa ba a ɗaure yake da haƙarƙari da ƙashi ba, tsoka ce ke manne shi. Akwai wata mai kama da haƙoran zarto da ta taso daga haƙarƙari, ƙasan hammata, ta zagaya ta kama allon ta ciki. Idan ka tura ƙasa da tafinka kamar kana son nisanta ta daga ƙirjinka, wannan tsokar ce ke tashi, sai allon ya kwanta lif a bayan haƙarƙari, a samu tazara tsakanin kunne da kafaɗa. Idan ba ka tura ba, gangar jiki sai ta rufto cikin kafaɗar, kafaɗa ta haye wajen kunne, mutum ya zama a rataye yake a jikin gaɓa maimakon tsoka ta ɗauke shi.

Ni kaina na sha wannan. A watannina na farko buri ɗaya gare ni, in cika minti guda. Nakan ajiye waya a gaban tabarma ina kallon daƙiƙoƙi na tafiya, kafaɗata tana manne da kunnena ban ma sani ba. Wata safiya na ɗaga hannu zan zura riga na ji wani abu ya soke ni a gaban kafaɗa. Na yi kusan mako uku ba na iya kwanciya ta wannan gefen. Likitan fisiyon da ya duba ni ya sa na tsaya a gefen bango, na ɗora tafi ɗaya a kai, ya ce in tura. Ya sa yatsunsa biyu a ƙasan hammatata ya ce, "Nan nake so ka ji ya yi tauri." Ranar na fara sanin akwai tsoka a wurin. Kai ma gwada haka a bango kafin ka sauka ƙasa: hannu a miƙe daidai tsayin kafaɗa, ka saki jiki ya rufta, sannan ka tura ka dawo. Sau goma kowane gefe. Bambancin da za ka ji shi ne ainihin darasin.

Ƙari ɗaya: ka ɗan murɗa damtse ta yadda cikin gwiwar hannu zai karkata wajen da yatsu ke kallo, ba tare da gindin manuniya ya ɗago ba.

Gwiwar hannu a kafe ta ko a ɗan lanƙwasa?

A miƙe, amma ba a kafe ba. Akwai masu gwiwar hannun da ke wuce miƙewa ta banƙare baya, an fi gani a mata da matasa. In kana cikinsu, ɗan sassauta ta kaɗan har hannun ya zama layi ɗaya a ido. Za ka ji ya fi wuya, don yanzu tsoka ce ke aiki.

Ƙuguna yana saukowa ƙasa bayan 'yan daƙiƙoƙi. Rashin ƙarfin hannu ne?

A'a, mafi yawa ba laifin hannu ba ne. Masu ɗaga ƙugu tsokokin gefen ƙasa ne: na kwiɓi, da wata mai zurfi a baya wadda ta haɗa haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, da kuma ta gefen ɗuwawu wadda ke hana mutum tangaɗi idan ya tsaya da ƙafa ɗaya. Mai yawan zama a kujera ko a kan babur yakan tarar da su a mace.

Ka yi tunanin an ɗaura igiya a ƙugunka na sama ana ja zuwa rufin ɗaki. Ka danna gefen ƙafar ƙasa sosai, ka ɗaure cinyoyi, ka ɗan janye mara ciki. Abin da ake nema layi ne guda daga dunduniya zuwa tsakiyar kai. Ɗaga ƙugu fiye da layin har jiki ya yi baka ba laifi ba ne, wasu malamai ma da gangan suke koyar da shi. Saukowarsa ƙasa da layin ce matsala, don tana jawo kafaɗa ta rufta tare da shi. Da zarar ka ga ƙugu ya fara sauka kuma ba ka iya mayar da shi, sauko. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ta gefe ina ganin na miƙe a madubi, amma an ce mini ɗuwawuna yana turowa baya. Ta yaya zan gane?

Madubin da ke gabanka ba ya nuna wannan kuskuren, shi ya sa yake daɗewa a jikin mutane. Jiki yakan naɗe a ƙugu, ɗuwawu ya koma baya, ƙirji da kai su leƙo gaba, kafaɗar sama ta karkato tana kallon ƙasa.

Bango ne maganinsa. Shimfiɗa tabarma a jikin bango, ka yi tokarar da bayanka a wajensa, tazarar ɗan taƙi kaɗan. Dunduniya, ɗuwawu, allunan kafaɗa biyu da ƙeya su kusanci bangon tare. In ɗuwawu ne kaɗai ya taɓa, ka matse shi ka tura ƙugu gaba. In kafaɗar sama ta ƙi zuwa, ka buɗe ƙirji. Ko kuma ka sa wani ya tsaya wajen kanka ya ɗauke ka hoto ta tsawon jiki, za ka gani da idonka.

Dole ne ƙafa ta hau kan ƙafa?

Ba dole. Kana iya sa ta sama a gaba, ta ƙasa a baya, dunduniya kusa da yatsu, duk biyun suna taɓa ƙasa. Hakan ya fi ba da natsuwa. Ko wanne ka zaɓa, ka janyo yatsun ƙafa wajen ƙauri kamar kana take bango, kada idon sawu ya lanƙwashe ya kwanta a tabarma.

Kai fa, ina zai kalla?

Gaba, ko sama wajen hannun da aka ɗaga in wuya ya yarda. Mai jiri ko mai ciwon wuya ya kalli ƙasa wajen tafinsa. Muhimmin abu kada kai ya rataye, kunne ya nufi kafaɗar ƙasa. Hannun sama kuma ya tsaya daidai kan na ƙasa. Mutane da yawa suna wurga shi baya da sunan buɗe ƙirji, alhali gaɓar kawai suke ja.

Daƙiƙa nawa ya kamata in yi?

Numfashi biyar masu natsuwa a kowane gefe, wato wajen daƙiƙa 15 zuwa 30, sun isa. Ma'aunin da na fi yarda da shi numfashi ne, ba agogo ba. Da ka ji ka fara riƙe shi, ka cije haƙora, fuska ta ɗaure, to ka wuce iyakarka. Riƙe numfashi lokacin yunƙuri yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, abin da mai wannan lalura ba ya buƙata.

Stuart McGill, wanda ya daɗe yana nazarin ƙashin baya a Jami'ar Waterloo da ke Kanada, ya sa tokarar gefe ta kan gwiwar hannu cikin motsa jiki 3 da yake ba masu ciwon baya. Shi gajeriyar riƙewa yake so, wajen daƙiƙa 10, a huta a sake, maimakon dogon zama guda da jiki zai gaji ya karkace. Ko ga mai lafiya wannan tsari yana da kyau a farko.

Shekarata 62, ina da ƙiba kaɗan. Zan iya kuwa?

Baba, za ku iya, amma ba daga sama za ku fara ba. Ku kwanta ta gefe, ku kafa gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, sangalin hannu a shimfiɗe yana kallon gaba. Ku lanƙwasa gwiwoyi biyu, ƙafafu a baya. Daga nan ku ɗaga ƙugu har ya zama layi ɗaya daga gwiwa zuwa kafaɗa. Daƙiƙa 5 zuwa 10, sau uku kowane gefe. Ku sa tawul a ninke ƙarƙashin gwiwar hannu don kada ƙashi ya ji ƙasa.

In wannan ta zauna da kyau na wasu makonni, sai ku miƙe ƙafar sama ku bar gwiwar ƙasa a tabarma. Bayan ita sai ƙafa biyu a miƙe a kan gwiwar hannu. Hawa kan tafi shi ne na ƙarshe, kuma ko ba a kai can ba an riga an samu amfanin da ake nema a kwiɓi da ƙugu. In akwai hawan jinin da bai daidaita ba, ko ciwon zuciya, ko tsohon gocewar kafaɗa, a fara jin ta bakin likita.

Ina da juna biyu. In ci gaba da yi?

'Yar'uwa, ki fara tambayar likitarki ko ungozomar da ke miki awo. In sun yarda, ki tsaya a kan mai gwiwa a ƙasa, ki riƙa numfashi a sake, kada ki matse mara da ƙarfi. Yayin da ciki ke girma ma'aunin tsayuwarki yana canzawa, gaɓoɓi kuma suna ƙara saki, don haka faɗuwa ta fi sauƙi. In kin ga tsakiyar cikinki ya tsiro kamar tudun kunya lokacin da kika ɗaga, ki sauko.

Na ji an ce tana gyara karkatar ƙashin baya. Gaskiya ne?

Maganar tana da tushe. A 2014 wani likita a birnin New York na Amurka mai suna Loren Fishman ya wallafa rahoto kan mutum 25 masu karkatar ƙashin baya zuwa gefe. Ya sa su riƙa yin tokarar nan kullum a ɓangare ɗaya tak, gefen da ƙashin ya turo waje yana kallon ƙasa. Bayan watanni, matsakaicin raguwar karkatar ya kai kashi 32 cikin 100. Sai dai mutanen kaɗan ne, kuma ba a haɗa su da wani rukuni da bai yi ba don a kwatanta. Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya karanta wannan ya zaɓi gefe da ka. Sanin inda ƙashi ya karkata sai da hoton asibiti, wasu ma lanƙwasa biyu gare su, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wanda ba shi da wannan lalura ya yi ɓangarorin biyu daidai wa daida.

Tunda sunan na wani masanin Hindu ne, yin ta bai shafi addinina ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu kaɗai muka yi ta ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yoga saboda abubuwan bautar da ake cakuɗawa a ciki. A 2009 majalisar malamai ta Indunusiya ta haramta wadda ke ɗauke da waƙe-waƙen bauta, ta bar wadda aka yi don motsa jiki zalla. Ita tokarar gefe a karan kanta babu ruku'u ko wata kalma da ake furtawa a cikinta, sojoji da 'yan ƙwallo da likitocin fisiyo suna amfani da ita ba tare da sunan yoga ba. Ni a matsayin motsa jiki nake yin ta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai wa malaminsa bayanin yadda abin yake.

Yaushe zan fara ɗaga ƙafar sama in kama yatsa?

Sai ka iya yin numfashi biyar a kowane gefe, ƙugu bai sauka ba, kafaɗa ba ta kusanci kunne ba, kuma ka sauko da kanka ba faɗowa ka yi ba. Daga nan ka fara da ɗaga ƙafar sama taƙi ɗaya kawai. Za ka ji nauyin da ke kan gefen ɗuwawun ƙasa ya ƙaru, don yanzu ƙafa ɗaya ce ke riƙe da kai. Mataki na gaba, ka lanƙwasa gwiwar sama ka dasa tafin ƙafar a gefen ciki na ƙafar ƙasa, sama da gwiwa ko ƙasa da ita, ban da kan gwiwar kanta.

Kama yatsa yana buƙatar bayan cinya ya saki sosai. Hanyar gwadawa ita ce ka kwanta rigingine, ka ɗaga ƙafa ɗaya a miƙe, ka kama babban yatsanta da manuniya da na tsakiya, sannan ka buɗe ta gefe. In gwiwa ta lanƙwashe ko ɗaya ƙugun ya ɗago daga ƙasa, ka rataya ɗamara ko dogon tawul a tafin ƙafar ka riƙe bakinsa, ka ci gaba da haka a kwance kafin ka kai shi kan hannu ɗaya.